Tabon da Na Goge a Girar Modu

Gwange, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya. Na ma san inda za ta same ki, tunda ni zan cusa ta a jakar kyamara da za ki shirya a daren nan, ke kuma ga ki can tsakar gida kina kokawa da akwatin da ya ƙi rufuwa. Allah Ya tsare miki hanya gobe, Ya kai ki Kano lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da kika samu.

Kada ki yi dariya don uba ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali bango ɗaya ne a tsakaninsu. Akwai maganar da in na ɗauko ta da baki murya ba za ta kai ni ƙarshe ba, kuma mamanki tana jin motsin leɓena daga madafa. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan kamar na ɗan firamare. Yanar da ta rufe mini idon dama ta fara leƙa na hagu, shi ya sa ma kyamarar ta zama taki. Ba kyauta na yi miki ba, ƙarfina ne ya ƙare.

Ba zan koya miki hoto ba, kin fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi da babu a hannunki shi ne ɓarnar da na yi, ita zan lissafa miki.

Lokacin da na bar fim na sayi kyamarar zamani, a shagon Oga Sande na saya, Inyamurin nan na kasuwar Gamboru da kike kira Baba Sande. Yana miƙo mini ita ya ce, "Malam Bukar, wannan hanya biyu gare ta fa. Akwai hoton da ita za ta dafa maka da kanta ta ba ka. Akwai ɗanye, wanda za ka kai gida ka dafa da hannunka. Ka riƙa ɗaukan ɗanyen."

Na ce, "Oga, ni da nake wanke fim a ɗakin duhu tun kana yawo da gajeren wando, kai za ka koya mini hoto?"

Ya ce, "Ban koya maka ba, Baba. Faɗa kawai na yi."

Ɗanyen nan, wanda ku kuke kira ro, na gwada shi sau ɗaya na ga ya cika mini memori, kuma a kwamfuta ya fito fayau ba armashi, kamar miya ba gishiri. Na ce wannan aikin wahala ne, na koma wa dafaffe. Ban gane ba cewa in kyamara ta dafa maka, duk abin da ta ga bai yi mata ba zubarwa take yi, kuma ba ta shawara da kai.

Wani ɗaurin aure a Dala ne ya koya mini hankali. Rana ta take tsaka, uban ango baƙin mutum ne ƙwarai, ya sha babbar riga fara tas. Kyamara ta kalli farin rigar ta rage haske, fuskar Alhaji ta nutse. Na zauna gaban kwamfuta ina jan haske ina jan haske, abin da ya fito sai toka da ɗige-ɗige. Da na kai masa ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce, "Malam Bukar, rigar ta yi kyau. To ni yaushe za ka ɗauke ni?" Mutane suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Saboda haka ki riƙa ɗaukan ɗanye kullum, ko da sauri kike yi, ko da memori zai cika. Mutanenmu baƙaƙe ne masu son fararen kaya, ranarmu kuma ba ta da tausayi. Ki kula kada farin ya ƙone, domin abin da ya ƙone ya tafi, amma fuskar da ta shiga duhu tana nan a cikin ɗanyen, za ki iya lallaɓo ta. In da hali ki ja mutum inuwa. In ya ce shi a rana yake so, ki ce masa babanki ya taɓa ɗaukan riga ya bar mai ita.

Da abin ya tsaya nan, da na mutu ina dariya. Amma da na koyi ɗanyen sai na ga ashe babu abin da ba zan iya yi da fuskar mutum ba, kuma kasuwa abin da take so ke nan. Amarya za ta zo bayan wushe-wushe, shagalin nan na daren biki, ta ce, "Baba, a ɗan haska ni." In haska ta. Ƙawarta ta ce a fi haka. Na riƙa goge ƙuraje, ina share tabo, ina rage hanci, ina mayar da baƙa wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa kuma fara sol. Sunana ya zaga Gwange, ana cewa in kana son ka ga kanka yadda ya kamata a ce an halicce ka, je wurin Bukar. Astagfirullah. Ina jin daɗin maganar nan a lokacin, kaina har kumbura yake yi.

Wata tsohuwa ta gargaɗe ni, ban ji ba. Za ta aika wa ɗanta hoto, ni kuma don gwaninta na share mata zanen fuska gaba ɗaya ba ta roƙe ni ba. Ta dawo da shi a ƙunshe a bakin lafaya, ta ajiye mini a tebur ta ce, "Wannan 'yar gidan waye? Ni Kanuri ce, da wuƙa aka yi mini zanena, na yi kuka a kansa. Mayar mini da abina." Ran nan ɗanyen yana nan, na mayar mata cikin minti kaɗan. Tana fita na ce tsofaffi sai a hankali.

Ki gyara haske, Fanna, ki gyara kala in fitilar ɗaki ta mayar da farar riga ruwan ɗorawa. Wannan gyaran kyamara ne, halal ɗinki ne. Amma abin da Allah Ya rubuta a fuskar mutum, ko wanda rayuwa ta rubuta, kada hannunki ya yi saurin kai masa. Na san za su matsa miki, masu gidanki ma za su matsa, ciki kuma ba ya jin wa'azi. In dole ta sa kin goge, to ki ba su hoto biyu, na kwalliya da na gaskiya, ko ba su tambaya ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Yayanki Modu. Kin ga na rubuta sunan, abin da bakina ya daɗe bai yi ba. Kina ƙarama ƙwarai lokacin, ban san me kike tunawa ba. Baƙi ne siriri, ya fi ni duhu. Yana yaro ya faɗo daga keke a bakin kwalbati, girarsa ta hagu ta tsage gida biyu, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Haƙorinsa na gaba ma ya ɗan ɓalle a gefe tun ranar. Duk Gwange da wannan tabon aka san shi.

Za ki yi mamaki in na ce ba ni da hotonsa na girma sai guda. Haka abin yake, ɗan mai hoto ba ya samun hoto, kullum ana cewa ai yana gida, gobe ma rana ce. Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya shigo shago da sabuwar shadda ruwan sararin sama, yana sosa ƙeya. Ashe wata yarinya yake nema a Gamboru.

Ya ce, "Baba, a ɗauke ni mana."

Na ce, "Yau kuma? Wa za a kai wa?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na zaunar da shi a kujerar nan ta katako, na buɗe taga haske ya sauka a gefen fuskarsa. Wallahi ban taɓa ɗaukan hoto mai kyan wannan ba. Ɗanye na ɗauka. Da muka buɗe a kwamfuta komai na nan, har zufar da ke kan hancinsa.

Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Baba, a cire wannan abin na girar. A kuma ɗan haska ni, kamar yadda ake yi wa mutane."

Da ni uban kirki ne da na ce masa yarinyar da za ta aure ka da tabon za ta gan ka kowace safiya. Ban ce ba. Na gyara zama na nuna masa gwaninta. Na cike girar gashi ɗaya bayan ɗaya, na daidaita haƙorin, na haska shi, na rage masa tsinin haɓa. Ya kalla ya ce, "Kai! Baba, wannan ai ɗan gwamna ne." Muka yi dariya mu biyu. Na buga masa, na ajiye guda a shago.

Washegari ina da biki, kwamfutar kuma ta cika tana ta kuka. Na bi ɗanyun hotuna ina gogewa, na masu biki, na masu suna, da nasa a ciki. Na share memori na tafi aiki. Ko gezau ban yi ba, a raina ai an gama da shi, kuma mai fuskar yana ɗaki yana barci.

Ba a daɗe ba ya hau motar kasuwa zai je sarin busasshen kifi ta hanyar Baga. Shekarun tashin hankali ne. Motar ba ta isa ba, ba ta kuma dawo ba. Wayarsa da katinsa na shaida suna aljihunsa. Abin da ya rage mana shi ne ɗan gwamnan nan.

Kada ki goge ɗanye, Fanna. Ko na wa ne. Ki kwana da yunwa ki sayi wurin ajiya. Mu a zamanin fim ba mai zubar da nagatif, muna jera su a kwali shekara da shekaru, amma da abu ya koma danna maɓalli sai zubarwa ta yi sauƙi. Ba ki san wane hoto ne zai zama na ƙarshe ba, mai shi ma bai sani ba.

Mamanki ta saka hoton a cikin leda. Ta kai shi duk inda aka ce ana rubuta sunayen waɗanda suka ɓace, ta kai asibitoci, ta kai sansanonin 'yan gudun hijira. Shekaru tana yawo da shi a jaka tare da carbinta. Ni na san abin da ke jikin hoton, amma ina gaya wa kaina ai kama ba ta ɓuya.

Sai aka ce wani mutum a Dala ya kuɓuto daga daji bayan shekaru, iyaye suna ta zuwa da hotuna. Muka je da hantsi, muka tarar da layi har waje. Mutumin na zaune a tabarma, ƙashi da fata, muryarsa kamar daga rijiya. Da aka zo kanmu mamanki ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Mama, ban san wannan ba. Inda muke babu fari haka."

Ta ce, "Ba fari ba ne, baƙi ne. Modu sunansa. Yana da tsaga a girar hagu."

Ya sake duba hoton, ya dube ta. "Nan babu tsaga, Mama."

Ta ce, "Akwai. A jikinsa akwai."

Sai ya ce akwai wani Modu da suka zauna tare wata damina, baƙi, mai tabo a fuska, amma ba zai rantse ko a gira ne ko a goshi ba, ko hagu ko dama. Ya ce lokacin da aka raba su yaron yana da rai, sai dai yana tari. "Amma Mama, Modu a Borno ai ba su ƙirguwa. Masu tabo kuma a can kowa ma yana da shi. Da na ga fuskarsa da na gane, ni ba na manta fuska."

Ban san sa'ad da na fizgi biro daga aljihun wani ba. Na zare hoton daga leda na ja layi a kan girar, na shafa tawada a kumatun da yatsa don ya yi duhu. Na ce duba yanzu. Mutumin ya dube ni da tausayi, shi da ya fito daga wuta shi ne yake tausaya mini. Ya ce, "Baba, yanzu kowa ka yi wa haka zai yi kama da shi. Kada ka sa in faɗi abin da ban sani ba."

A cikin keken da ya dawo da mu mamanki ba ta yi kuka ba. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Malam, ɗan waye ka ba ni nake ta yawo da shi?" Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, ni kuma ban amsa ba har yau.

Saura kuskure ɗaya, shi ne wanda ba ni da bakin kare shi ko a gaban kaina. Na je na faɗa wa Oga Sande komai. Ya tambaye ni ina tsohuwar kwamfutar, na ce ai ta mutu ba da jimawa ba bayan tafiyar yaron, tana ƙarƙashin gado. Ya miƙe tsaye ya ce, "Malam Bukar, wannan sa'a ce! Abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana kwance sai an ɗora wani a kansa. Ciro faifan cikin ka kawo, ina da mutum a Legas. Ban ce za a samu ba, amma a gwada."

Ban kai ba. Na ce sai bayan salla, na ce sai hanya ta yi kyau, na ce kada ya ɓace a mota. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Muddin kwamfutar tana ƙarƙashin gadon, ina iya kwanciya in ce Modu yana nan a ƙasana da girarsa. In aka kai Legas aka ce babu, shi ke nan. Oga Sande har gida ya biyo ni, na ce a ce masa ba na nan.

Kin san sauran, da ke aka yi. Ruwan da ya ci Gwange ya shigo mana, muka fita da kayan jikinmu yana kai mana ƙirji. Hannuna ya kai kan abin da ya saba ɗauka, na ɗora jakar kyamara a ka na fita. Sai da muka kai tudu na tuna abin da ke ƙarƙashin gado. Da ruwa ya janye na tono ta daga cikin laka, Oga Sande ya buɗe faifan, ya girgiza kai ya rufe. Kyamarar da ke hannunki yanzu ita ce na ceta a madadin yayanki.

Ki ajiye kowane aiki a wuri biyu, ɗaya ba a gidan da kike kwana ba. Kuma abin da kike tsoron dubawa ki duba shi yau. Jira bai tsare mini komai ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta sami sauƙi ba. Ba mu yi masa sallar gawa ba, ba mu kuma da ranar da muke jira. Na yarda da ƙaddara, Allah Shi ne shaida, amma ba ƙaddara ce ta zauna ta cike girar nan gashi ɗaya bayan ɗaya ba, ni ne. Kwanakin baya na ji mamanki tana gaya wa goggonki Ya Kellu cewa ta yi mafarkinsa, amma farin ne ya zo mata, na cikin hoton. Ta ce tana rufe ido ta nemo fuskarsa ta gaskiya, sai ta ƙi tsayawa. Na tashi na bar gidan. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma haka ne. Na ƙwace wa uwa fuskar ɗanta, kuma ban ajiye ta a ko'ina ba.

To ga roƙona, shi ne dalilin takardar nan duka.

Jiya da kika ba ni wayarki kina nuna mini aikinki, na wuce na duba hotunanki na kanki. Na kusanto da ita har hancina, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda da ƙunar nan ta ƙarƙashin haɓarki take ciki, wadda ruwan shayi ya yi miki kina rarrafe. Inda mayafi bai rufe ba, kin goge. Kin haska kanki, kin rage hanci. Aikin ya yi kyau, babu mai ganewa, hannun babanki kika gado. Na riƙe wayar ina neman 'yata, ban same ta ba. Gobe kuma za ki hau hanyar Damaturu.

Ba mugun fata nake yi miki ba, Allah Ya kiyaye, bakina ya sari ɗanyen kashi. Amma na taɓa cewa ai yana gida, gobe ma rana ce.

Da safe kafin mu tafi tasha, idan rana ta fito ta haska bangon zaure, ki zo ki zauna a kujerar katako, ita ma ta tsira daga ruwan. Kada ki shafa komai. Ki ja mayafin baya kaɗan, ki ɗaga haɓa. Ke za ki saita kyamarar ki sa ta a ɗanye, tunda ni ba na ganin rubutun, nawa kawai in danna. Na sayi sabon memori a wurin Oga Sande, yana cikin ƙaramin aljihun jakar. In mun gama ki kwafe ɗaya a kai wa Ya Kellu a Gamboru, memorin kuma ki ba mamanki a hannunta. Ba za a buɗe shi a gyara ba, ba za a goge ba. In ta tambaye ki na mene ne, ki ce na tarihi ne. Za ta gane, ba kuma za ta ce komai ba.

Ki riƙe salla. Ki kira mamanki kina isa Damaturu, ki sake kira a Potiskum, kada ki ce sai kin sauka. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya rufa miki asiri, Ya sa albarka a idonki da hannunki fiye da yadda Ya sa a nawa. Allah Ya dawo mana da ke da ƙafarki, mu gan ki ido da ido, hoton nan ya tsufa a cikin kwalla ba wanda ya taɓa neman sa. Inda yayanki yake kuma, a bayan ƙasa ko a cikinta, Allah Ya san fuskarsa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bukar mai hoto.